Kun Tambaya, Mun Amsa: Ƙananan Kamfanonin Faifai da Yadda Suka Faro

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan batu ɗaya, wato ƙananan kamfanonin da ke buga faifan waƙa. Mun gajarta wasu tambayoyin saboda wuri.

Daga wani malamin makaranta a Funtuwa: Assalamu alaikum. Ina yawan jin a ce wannan kamfanin waƙa "mai zaman kansa" ne. To sauran zaman wa suke yi? Kuma wa ya fara wannan harka?

Wa alaikumus salam, Malam. A harkar faifai akwai manyan kamfanoni da suka tattara komai a hannunsu: ɗakin ɗaukar murya nasu ne, masana'antar bugu tasu ce, hanyar kai kaya kantuna ma tasu ce. A Amurka a farkon ƙarni na 20 su ne Victor da Columbia da Edison. Yau kuwa Universal da Sony da Warner. Duk wanda bai shiga ƙarƙashin waɗannan ba, da jarinsa yake juyawa, hayar sutudiyo yake yi, biya yake a buga masa, shi ake kira mai zaman kansa.

Shari'a ce ta fara buɗe musu ƙofa. Victor na riƙe da haƙƙin fasahar yanka tsagar faifai ta yadda allura za ta riƙa kaɗawa hagu da dama. Ƙananan kamfanoni sai dai su yanka tasu sama da ƙasa, irin wannan faifan kuwa ba ya tashi a garmahon Victor da ya cika gidaje sai an ƙara masa wani ƙarfe. Kamfanin Gennett, reshen masu ƙera piyano na Starr a garin Richmond ta jihar Indiyana, ya yi ta maza ya fara yankan hagu da dama. Victor ya kai ƙara, ya sha kaye a 1921, ya ɗaukaka, aka sake kayar da shi a 1922. Ɗakin ɗaukar Gennett yana dab da layin dogo, in jirgi zai wuce sai an dakata. A wannan ɗakin Louis Armstrong ya fara shiga faifai, a watan Afrilun 1923, yana busa a ƙungiyar King Oliver.

A 1921 Harry Pace ya kafa Black Swan a unguwar Harlem ta Niyok, kamfanin baƙar fata na farko da kayansa suka bazu sosai. Faifan Ethel Waters ne ya tsayar da shi da ƙafafunsa. Da manya suka ga akwai kuɗi a waƙoƙin baƙaƙe sai suka riƙa janye mawaƙa da tayin da Pace ba zai iya yi ba, ga rediyo ya shigo yana ba da kiɗa kyauta. Ƙarshen 1923 kamfanin ya durƙushe, Paramount ya karɓi faya-fayansa a 1924.

Ambaliyar gaske sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Na'urar ɗauka a kan tef ta shigo, ɗaukar murya ta yi araha, kuma manya sun yi watsi da kiɗan baƙaƙe da na mutanen karkara saboda a ganinsu kasuwar ba ta kai a wahala ba. Atlantic a 1947, Chess a 1950, Sun a 1952, Vee-Jay a 1953, duk a wannan giɓin suka tsiro.

Daga wani matashi mai sutudiyo a Damagaram: Jarin nawa suka fara da shi? Don mu nan kullum rashin jari ne kukanmu.

Ɗan'uwa, yawancinsu da rance suka fara, kuma ba mai yawa ba. Berry Gordy ya ari dala 800 daga asusun tarin danginsu, wani abu mai kama da adashi, ya kafa Tamla a Detroit a Janairun 1959. Shi ne ya zama Motown. Vivian Carter da mijinta James Bracken sun karɓi dala 500 daga mai karɓar jingina suka kafa Vee-Jay. Ahmet Ertegun, ɗan jakadan Turkiyya a Amurka, likitan haƙoransu ne ya zuba masa dala 10,000 aka kafa Atlantic. Estelle Axton gidanta ta jinginar aka sayi na'urar ɗauka ta Ampex don kamfanin ƙaninta Jim Stewart, wanda daga baya aka kira Stax.

A Ingila lissafin ya fi fitowa fili, don samarin 1976 da 1977 ba sa ɓoye abin da suka kashe. Kamfanin Stiff ya fara da rancen fam 400, faifansa na farko kuma, na Nick Lowe, fam 45 aka kashe wajen ɗaukarsa. Ƙungiyar Buzzcocks ta Manchester ta tara kimanin fam 500 daga 'yan'uwa da abokai, ta buga kwafi 1,000 a ƙarƙashin tambarinta New Hormones a Janairun 1977, ta yi ta sake bugu har ta sayar da wajen 16,000. 'Yan ƙungiyar Desperate Bicycles sun buga kwafi 500 a kan fam 153 kacal.

Ka lura da lissafin Stiff: ɗauka fam 45 cikin 400. Ga bugu da rigar faifai da tallar kai wa kantuna, duk suna jiran nasu kuɗin. Wanda ya zuba duk jarinsa a kayan sutudiyo ya yi girki ne bai tanadi kwanon zubawa ba.

Akwai kuma wanda ya fara da ƙanƙanin bugu da gangan. Alfred Lion, Bayahuden Jamus da ya yi hijira zuwa Niyok, ya ɗauki masu piyano biyu, Albert Ammons da Meade Lux Lewis, ranar 6 ga Janairun 1939. Kwafi 50 ya buga na kowane faifai. Ya zaɓi faifai mai faɗin inci 12 maimakon 10 da aka saba, don mutanensa su yi kiɗansu a tsanake ba tare da an datse su a minti 3 ba. Farkon kamfanin Blue Note ke nan.

Daga wata ɗalibar injiniya a Zariya: Ina so in fahimci yadda murya ke komawa faifai, mataki-mataki, da inda aikin yake lalacewa.

'Yar'uwa, abu na farko shi ne yanka. Ana ɗauko faifan alminiyom da aka shafe da wani fenti mai laushi, a ɗora a kan injin yanka. Wata allura mai kan dutse, wadda ake ɗumamawa da lantarki, ita ke tsaga siririn layi guda ɗaya tak, yana zagayawa daga baki zuwa ciki, tana kaɗawa daidai da sautin da aka tura mata. Kowane gefe da nasa faifan yankan. Ba a tsayawa a tsakiya: in aka yi kuskure a minti na 15, wannan faifan ya tashi aiki, sai a ɗauko sabo.

A nan ake cin karo da iyakar wuri. Sauti mai ƙarfi, musamman amon ganga da garaya mai kauri, yana sa allura ta yi kaɗawa mai faɗi, sai tsagar ta ci fili. Shi ya sa gefe ɗaya na babban faifai mai juyi 33 da sulusi a minti ba a so ya wuce minti 20 zuwa 22, ƙaramin nan mai inci 7 da juyi 45 kuma minti 4 zuwa 5. In aka matsa aka cusa fiye da haka dole mai yanka ya rage ƙarar, sai shuu ɗin faifan ya fito sarari. Amo mai kauri daidai ake raba shi a lasifika biyu, don in ya bambanta tsakanin lasifikar hagu da ta dama allurar mai saurare za ta yi tsalle ta fita daga tsaga. Haruffa masu shewa irin "s" da "sh" ana tausasa su tun kafin yanka. Sannan waƙar da ta fi ƙarfi a farkon gefe ake sa ta, domin a can ciki zagayen ya ƙanƙance, allura ba ta cin doguwar tafiya a kowane juyi, sautin sai ya dusashe. Wannan ne dalilin da tsofaffin faya-fayai ke rufe gefe da waƙa mai sanyi.

Daga nan sai wanka da ƙarfe, kuma ba a jinkiri, don fentin yana sauyawa in ya kwana biyu, musamman a zafi. A wanke faifan yankan, a fesa masa ruwan azurfa don ya iya ɗaukar lantarki, a tsoma shi a kwatarniyar ruwan nikel. Lantarki ke sa nikel ya taru a jikinsa har ya yi ɓawo. In aka ɓare ɓawon, ga faifan ƙarfe mai tudu a inda tsaga take. Shi ake kira uba. Daga uba a fitar da uwa, wadda ke da tsaga kuma ana iya saurarenta don dubawa. Daga uwa a fitar da hatimi, shi ne ke shiga injin bugu. Hatimi ɗaya yakan buga wajen kwafi 1,000 kafin ya gaji. Mai ƙaramin bugu yakan tsallake mataki, a mai da uban hatimi kai tsaye don rage kuɗi. Hatsarin shi ne in ya tsage ba abin komawa sai sabon yanka.

Bugun kansa ba ya wuce daƙiƙa 30. A sa curin roba mai zafi, gram 120 zuwa 180 ga babban faifai, tsakanin hatimi biyu, da takardar tambari sama da ƙasa. Injin ya danne da nauyin kusan tan 100, tururi ya zafafa shi zuwa wajen digiri 150, sai ruwan sanyi ya biyo ta bututun nan take, a datse rarar baki. Ba a sa gam a tambari, zafi ke manna shi. Amma sai an gasa takardun sun bushe tukuna, in ba haka ba danshi ya kumbura su ko su yage.

Lalacewa uku aka fi gani. In robar ba ta yi zafin da za ta cika tsaga ba, za ki ji ƙara kamar ana yaga tsumma. In aka cire faifai bai huce ba, ko aka tsuke shi a leda, sai ya lanƙwashe. In ramin tsakiya ya kauce ko da kaɗan ne, murya za ta riƙa hawa da sauka kamar mai maye. Saboda haka ake fara buga 'yan kwafi kaɗan na gwaji, kamar 5, a aika wa mai kaya. Sai a saurari kowanne daga farko har ƙarshe. Ƙarar da ta fito a wuri ɗaya a duk kwafin, daga ƙarfe take, dole a koma baya. Wadda ke kwafi ɗaya kawai ƙura ce ko kuskuren wannan bugun. Wanda ya sa hannu a kan gwaji bai saurara ba, duk abin da ya fito a kwafi 1,000 nasa ne.

Daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, Kano: Na ji an ce waƙa in ta yi kasuwa tana iya karya ƙaramin kamfani. A saninmu ciniki riba yake kawowa. Ku warware mini.

Alhaji, kai da ke ba da kaya bashi za ka fi kowa ganewa. Masana'antar bugu tana son kuɗinta hannu, ko cikin kwana 30. Dillalin da ke rarraba wa kantuna kuwa sai bayan kwana 60 ko 90 yake biya, kuma yana da damar maido da abin da bai sayu ba. A ce kowane kwafi naira 1 ake buga shi, dillali yana ɗauka a naira 2. Waƙa ta kama, ana neman kwafi 200,000 cikin wata guda. Sai ka nemo naira 200,000 yau, don ka karɓi 400,000 bayan wata uku, in an biya ka ke nan, in kuma ba a maido maka da kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ga ladan marubucin waƙa, wanda a Amurka santi 2 ne kan kowace waƙa a kowane kwafi daga 1909 har 1978. In ka yi jinkiri kuma babban kamfani ya sa nasa mawaƙin ya rera waƙar ya kwashe kasuwar. Abin da 'yan harkar suka sani shi ne dillali ba ya biyan tsohon bashi sai ya ga kana da sabon kaya da yake so.

Wannan matsin ne ya sa Sam Phillips na Sun a Memphis ya sayar wa RCA kwantiragin Elvis Presley a kan dala 35,000 a Nuwamban 1955. Mutane na yi masa dariya har yau, amma bashi ya yi masa katutu, ga shari'ar satar waƙa da ya sha kaye a kanta tun 1953. Da kuɗin ya iya ɗaukar nauyin faifan Carl Perkins da ya fito a farkon 1956 ya haura miliyan.

Masu wayo sun riƙa ba da haya. Faifan Tamla na farko, na Marv Johnson, da ya fara tashi a Detroit sai Gordy ya miƙa wa United Artists su rarraba a faɗin ƙasa ya karɓi nasa kaso. Chris Blackwell, wanda ya kafa Island a Jamaika a 1959 ya koma Landan a 1962 yana tallar faifai a bayan ƙaramar motarsa, da ya ga waƙar Millie Small ta 1964 ta fi ƙarfinsa sai ya ba kamfanin Fontana hayarta. Ya rage riba, ya tsira da kamfani.

Sai dai ba da haya ma yana da rami, kuma ramin a takarda yake. Stax ya sa hannu da Atlantic a 1965 a kan rarraba kaya. A cikin yarjejeniyar akwai sakin layi da ya mallaka wa Atlantic asalin tef na duk abin da ya rarraba. Jim Stewart bai ankara ba sai da aka sayar da Atlantic ga Warner a 1967 aka zauna sabunta magana. Da suka rabu a 1968 Stax ya fita ba tare da waƙoƙin da ya ɗauka tun 1960 ba, ga Otis Redding, babban mawaƙinsa, ya rasu a hatsarin jirgin sama a Disambar 1967. Kamfanin Factory na Manchester ya faɗa ramin ta ɗaya ɓangaren: don nuna amana bai ɗaure mawaƙansa da kwantiragi ba, da bashi ya taso a 1992 aka zo sayensa sai mai saye ya tarar kamfanin bai mallaki waƙoƙin ba, ya janye. A ganinmu, cikin duk takardun wannan sana'a, layin da ke faɗin wanda ya mallaki asalin ɗauka, da shekara nawa, da waɗanne ƙasashe, shi ya cancanci a biya lauya ya karanta.

Daga wata mai karatu a Jos: Mu a Najeriya fa?

Nan ma manya uku ne suka riƙe Legas: Decca da EMI da Philips. Misalin da ya fi fice na ƙarami ya kayar da babba daga Onica ya fito. EMI ya ƙi waƙar Prince Nico Mbarga ta yabon uwa, "Sweet Mother", sai ƙaramin kamfanin Rogers All Stars ya fitar da ita a 1976, ta zama cikin waɗanda suka fi sayuwa a tarihin Afirka. Sunny Ade kuma ya ɓata da kamfanin African Songs a 1974 a kan kason da ake ba shi, aka je kotu, ya kafa nasa tambarin, Sunny Alade. Da kaset ya zo, kwafi ya zama abin da kowa zai yi a shago, ƙarfi sai ya koma hannun 'yan kasuwa, Alaba a Legas, Ƙofar Wambai a Kano, inda akan sayi asalin aiki da kuɗi dunƙule sau ɗaya. Daga garinku kuma, Jeremiah Gyang shi ne mawaƙin da kamfanin Chocolate City ya fara ɗauka, da waƙarsa "Na Ba Ka".

Daga wani magidanci a Maraɗi: Na sami faya-fayan garmaho a adakar marigayi kakana. Wasu lambobinsu ƙanana ne. Ƙaramar lamba na nufin na farko ne? Yaya zan adana su?

Allah ya jiƙan kaka. Lamba tana taimakawa amma tana yaudara. Ƙananan kamfanoni da yawa ba sa farawa daga 1, don kada kantuna su gane sabon shiga ne. Tamla da 101 ya fara. Faifan Sun na farko da ya shiga kasuwa, na mai busa Johnny London a 1952, lambarsa 175, don an shirya 174 aka fasa fitarwa. Chess ya fara da 1425, lambar gidan da iyalin suka fara zama a Chicago. Factory kuwa lambarsa ta farko, FAC 1, ba faifai ba ne, fosta ce ta tallar wasa. Abin da ya fi tambari gaskiya shi ne rubutun da ke santsin fili tsakanin ƙarshen waƙa da takarda. Ka karkata faifan a haske za ka ga lambar yanka, wani lokaci da alamar hatimin da ya buga shi. Da ita ake bambanta bugun farko da na baya.

Ka fara rabe su. Mai nauyi, mai tauri, wanda ba ya lanƙwasuwa, mai juyi 78 ne, da ƙaron wani ƙwaro na Indiya da garin dutse aka yi shi, in ya faɗi fashewa yake kamar tangaran. Kada sifirit ko turare ya taɓa shi, narkar da shi suke yi. Ruwa mai tsabta da ɗigon sabulun wanke-wanke a tsumma mai laushi ya isa, ka bi zagayen tsaga, kada takardar ta jiƙe, ka bari ya bushe sarai a inuwa. A tsaye ake jera su kamar littattafai, kowanne da rigarsa ta takarda, nesa da rufin kwano da bangon da rana ke duka. In za ka saurara a garmahon wani, allurar ƙarfe gefe ɗaya take yi a jefar, don da ta dakushe cin tsagar take. A injin zamani kuma sai ka nemi allurar 78, wadda ta fi ta faifan roba kauri kusan sau huɗu. Siririyar tana nutsewa ƙasan tsaga, ba abin da za ka ji sai shuu.